Tsirkiyar jitata ta koma igiyar shanya tunda muka sauka dirof C

Wannan saƙon wani ƙanenmu ne ya turo min, na ɗan rage masa tsawo amma ban canza maganarsa ba. Ga wanda bai saba ba, dirof C saitin jita ne da ake sassauta tsirkiyoyi don sautinsu ya sauka ƙasa, lamba irin 10-46 kaurin tsirkiya ta farko da ta shida ne, ta shidan ita ce mafi kauri, firet 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan jita ne, bendin kuma tura tsirkiya gefe da yatsa don sauti ya haura.

"Salam yaya, dan Allah shawara nake nema. Shekarata uku ina kaɗa jitar lantarki, wata huɗu kenan da na shiga wata ƙungiya ta masu kiɗan metal, su kuma duk waƙoƙinsu a dirof C suke. Jitata mai gajeren wuya ce, inci 24.75, tsirkiyoyin da nake sawa tun farko 10-46 ne. Da na sassauta su zuwa C sai ta shidan ta koma kamar igiyar shanya, tana bugun firet tana ziza, in na daka da ƙarfi sai sautin ya haura ya dawo. Ranar da muka je ɗaukar sauti mai jita na biyu yace ni ne nake fita daga saiti, a gaban kowa, wai hannuna ne bai nuna ba. Wallahi abun ya min ciwo. Wani abokina yace in nemi mafi kaurin da zan samu, na sayi 13-62 na ɗaura, yanzu yatsuna zafi suke, bana iya bendin ko kaɗan, ta shidan ma bata zauna cikin tsaginta ba, in ina murɗa kunne sai inji ƙas. Wuyan ma kamar ya ɗan lanƙwashe don tsirkiyoyin sunyi sama. Bani da halin wata jitar yanzu. Har na fara tunanin in bar musu ƙungiyar kawai. Ya zanyi?"

Toh ƙanena sannu da ƙoƙari. Kafin komai, kar ka bar ƙungiyar nan akan wannan maganar, kuma kar ka ɗora wa hannunka laifin da ba nashi ba. Sau biyu na karanta saƙonka, inda ya tsaya min a rai shine wajen da kace an faɗa maka a gaban kowa, don na san yanda irin wannan kalmar take bin mutum, dare yayi ka kalli jitar a jingine kaji baka ma son taɓa ta. Amma duk abunda ka lissafo min, zizar firet, sautin da yake haurawa, ƙas ɗin da kake ji, yatsun da suke zafi, babu ko ɗaya a ciki da yake nuna baka iya ba. Ko wa ka miƙa wa jitar nan da 46 a C haka zata masa. Ɗauri ne matsalarka, wato ƙarfin jan da tsirkiya take miƙe dashi, da farko yayi kaɗan, yanzu kuma yayi yawa.

Bari in warware maka don in ka gane shi sau ɗaya ba wanda zai sake ruɗa ka. Abu uku ne ke yanke sautin tsirkiya, tsawonta daga not (ɗan abun nan mai tsagi a saman wuya da tsirkiyoyi ke kwanciya a ciki) zuwa gada (inda suke sauka a jikin jitar), sai kaurinta, sai yanda aka ɗaure ta. Tsawo baka da iko dashi, yanda aka ƙera jitar haka take, saura biyu kenan a hannunka. In kana son sauti ya sauka, ko ka sassauta ɗauri ko ka ƙara kauri, kai da farko sassautawa kawai kayi. Kuma ɗaurin nan da sauri yake zubewa fiye da yanda mutum zai zata, in ka sauke tsirkiya firet biyu daga E zuwa D kusan kashi 20 cikin ɗari ne ya tafi, in firet huɗu ne zuwa C kuwa kusan kashi 37. Ita 46 ɗin nan, lambar tana nufin kashi 46 cikin dubu na inci ɗaya, a E akan jita irin taka jan da take yi ya kai kilo 7 da rabi, da ka kaita C bata kai kilo 5 ba. Kaga ba mamaki ta zama igiyar shanya.

Shi kuma haurawar da sautin yake yi ga inda ta fito. Duk tsirkiyar da aka daka, lokacin da take lilo gefe da gefe tana ɗan miƙewa fiye da tsawonta, miƙewar sai ta ƙara mata ɗauri na ɗan lokaci, sauti ya haura, in lilon ya lafa ya dawo mazauninsa. Wadda take a ɗaure lilonta kaɗan ne shi yasa kunne baya kamawa, sakakkiya kuwa lilo take son ranta. Ka gwada da kanka in ka sake samun tsirkiya a sake, ka jona tiyuna, na'urar duba saiti, ka daki ta shida yanda kake dukanta cikin waƙa ka zuba wa allurar ido, zaka ga tayi tsalle ta wuce tsakiya zuwa dama, ta ɗan tsaya can, sannan ta gangaro a hankali. A kiɗan metal kuma rif ɗin, wato salon kiɗan da ake maimaitawa, gajerun duka ne a jere da tafin hannu a danne kan gada, sautin baya samun lokacin gangarowa kafin duka na gaba ya sauka, abunda ake ɗauka tsallen nan ne kawai. Kenan abokin kiɗanka kunnensa bai masa ƙarya ba, yaji abu ya fita daga saiti, dalilin ne bai gano ba, kuma yanda ya faɗa ɗin bai kyauta ba.

Abokinka da yace ka ƙara kauri, rabin gaskiya ya baka. Shi 13-62 an haɗa shi ne don jitar baritan mai dogon wuya wadda ake saitawa B E A D F# B. Dirof C kuwa C G C F A D ne. Jera su ka gani, ta shida firet ɗaya kawai ka ɗaga ta sama da inda aka nufa da ita, wannan ba wani abu bane, amma sauran biyar ɗin kowacce firet uku ka ɗaga, shi yasa suka zama kamar sandunan ƙarfe a ƙarƙashin yatsunka, jimillar jan nasu kuma ya rinjayi wuyan ya jawo shi gaba har tsirkiyoyin sukayi sama. An gudu ba'a tsira ba kenan. Kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa, suna mantawa cewa saitin dirof ba saukar bai ɗaya bane, ta shida firet huɗu ta sauka daga E amma sauran firet bibbiyu ne kawai, don haka ita kaɗai ce take buƙatar kauri sosai, sauran ƙari kaɗan ya ishe su.

Ni abunda nake bi, kuma shi nake so ka riƙe, shine ka nemi ɗaurin da hannunka ya riga ya saba dashi. Shekara uku kayi da 10-46 a E, hannunka na dama ya san nawa zai daka, na hagu ya san nawa zai danna da nawa zai ja, duk wannan ilimin yana nan a jikinka bai tafi ko'ina ba, kawai ka mayar masa da ɗaurin da ya sani a sabon saitin. A jita mai inci 25.5 lissafin ta shida kusan haka yake tafiya, 46 a E, 52 a D, 56 a C, 60 a B, 68 a A, dukkansu jansu yana kewayen kilo 7 da rabi zuwa 8. Taka da yake gajeriya ce, kowace tsirkiya a kanta tana rasa kusan kashi 6 cikin ɗari, don haka wajenka yana tsakanin 56 da 60. Sauran kuma ka ƙara lamba ɗaya a sama kawai, 10 ta koma 11, shikenan.

In a taƙaice kake so, ka nemi 11-56. D'Addario suna da shi a EXL117, jerinsa 11, 14, 19, 32, 44, 56, kuma shi zan sa maka da jitar a hannuna take. Ernie Ball suna da Beefy Slinky 11-54 da Not Even Slinky 12-56, akwai kuma 12-60 na D'Addario in dukanka mai nauyi ne sosai. Ita 54 a wuyanka gajere ni ina ganin tayi kaɗan, zata fi 46 nesa ba kusa ba amma allurar zata cigaba da ɗan tsallenta. Kuma ka sani ba dole bane ka bi abunda aka jera a fakiti, ana sayar da tsirkiya ɗai-ɗai, masu kiɗa da yawa haka suke yi, su ɗauki biyar daga fakiti su canza ta shida kaɗai.

Akwai wata tsirkiya da ba'a cika maganarta ba alhali ita ce take ɓata wa mutane rai a ɓoye, ta uku. A jerin da ka saba 17 ce, waya tsirara ba naɗi. Da an ƙara kauri sai wasu fakitin su kawo ta 22 ko 24 kuma har yanzu tsirara, Beefy Slinky 22 ce, Not Even Slinky 24 ce. Waya tsirara in ta kai wannan kaurin ta daina lanƙwasa kamar tsirkiya ta fara halin ƙusa, sautinta sai ya riƙa fitowa da wani amo kamar na ƙararrawa, ta fi sauran ƙara, ka saita ta daidai a tiyuna amma ka kama kod, wato ka kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare, kaji ita kaɗai ta fita daban kamar bata san sauran ba, in ka ƙara distoshin, kaushin nan da ake sa wa sautin metal, kuma sai abun ya ƙara tonuwa. Akwai masu sonta a haka, ban ce babu ba, amma ni kunnena bai taɓa amincewa da ita ba. A dirof C inda ta uku take F, 18 zuwa 20 tsirara ya isa, zaka yi bendin ɗinka lafiya. In wata rana kuka sauka B ko ƙasa da haka, toh ka koma mai naɗi, 22 ko 24, kod zai zauna daram, sai dai bendin a kanta sai ka ja da nisa kafin sauti ya kai inda kake so. Wannan na cikin dalilin da yasa na zaɓa maka mai 19.

Sannan dan Allah ka cire wa ranka cewa kaurin waya shine nauyin kiɗa. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda kusan kowa a wannan harkar daga gareshi ya sha, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila, kuma na hannun da yake danna firet ne. Ya haɗa wa yatsun 'yan huluna na roba, ya koma sa siraran tsirkiyoyi har da na banjo don lokacin ba'a samun na jita masu laushin da yake so, a faifansu na 1971 Master of Reality ya sauke jitar firet uku zuwa C#, kuma har yau in ana maganar sauti mai nauyi sai an ambaci wannan faifan. Da siraran tsirkiyoyi yayi shi, don hannunsa ya koyi taɓa su yanda suke so. Ba cewa nake ka koma sirara ba, shi kiɗansa a hankali yake tafiya da faɗi, ku kuma in rif ɗinku masu sauri ne kuna buƙatar tsirkiyar da zata dawo mazauninta da wuri. Abunda nake nufi kauri magani ne na cuta ɗaya, sakin tsirkiya, in ka sha fiye da ƙima sai ya kawo tashi cutar. Tsirkiya in tayi kauri da yawa a gajeren wuya sai ta ƙage, kaifin nan na farkon duka ya dushe, maimakon "cak" sai kaji "dum", ta shiga hurumin mai jitar bes, mai ƙasan sauti, ku riƙa cin karo, kiɗan ya zama laka.

Yanzu abu mafi gaggawa a saƙonka, ƙas ɗin nan. Yau ɗin nan ka sassauta ta shidan, kar ka kwana da ita a ɗaure. Tsagin not ɗinka an yanka shi ne don 46, ka cusa masa 62, tana zaune a bakin tsagin kamar weji tana tura gefe da gefe, ƙas ɗin kuma ƙarar maƙalewa ce da suɓucewa. Wannan abun ya taɓa faruwa dani shekarun baya, na sa 60 a tsagin da ba'a buɗe ba nace ai zata zauna da kanta, ina cikin murɗa kunne naji ƙas mai ƙarfi fiye da na baya, sai ga ɗan ɓallin not ɗin, bai fi yankan farce ba, ya faɗo kan cinyata, tsirkiyar ta zame gefen wuya. Tsagin ta shida a bakin gaɓa yake, naman da ke bayansa kaɗan ne, shi yake fara tafiya. Sai da aka canza not ɗin gaba ɗaya, kuma har yau in naji wannan ƙarar a jitar wani gabana faɗuwa yake. Ko 56 ɗin ma sai an buɗe mata wuri. Ka kai wa mai gyaran jita wanda yake da zarton not, ka faɗa masa faɗi kake so a ƙara banda zurfi, don in tsagi yayi zurfi tsirkiya zata kwanta kan firet na farko tayi ta ziza kuma wannan baya komawa. In ba mai gyara kusa da kai, ka yanko guntun tsohuwar tsirkiya ka naɗa mata sanfefa mai laushi ka goga gefen tsagin a hankali, goga kaɗan ka gwada, goga kaɗan ka gwada, har tsirkiyar ta sauka ƙasan tsagin ta kuma riƙa zamewa ba tare da ta kama ba. Sai ka goga bakin fensir a ciki, baƙin nan nashi yana sa santsi.

Ramin kunne kuma yawanci 56 tana shiga ba gardama, daga 60 zuwa sama ne wani lokacin take ƙi, in ta ƙi ba sai ka huda komai ba, ka warware naɗin bakin tsirkiyar kaɗan ka zura cibiyar.

Bayan ka ɗaura sababbin ka saita su a dirof C, sai gyaran jitar kanta, kuma bi da bi ake yinsa, in ka tsallake ɗaya zaka dawo ka sake. Wuya ne farko. Ka danna ta shida a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka leƙa tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko na 8, abunda ake so kusan milimita 0.25 ne, kuma kana da ma'auninsa a hannu, tsohuwar tsirkiyarka mai lamba 10 kaurinta kenan, ka yanko guntu ka zura a wajen, in ta shige tana ɗan shafa ka dace. In tazarar tafi haka sai ka ɗaure ƙarfen cikin wuya, juyin agogo, amma kaɗan kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya isa a karo ɗaya, ka sake saiti ka sake dubawa. Mai yiwuwa ma da ka cire 13-62 wuyan zai koma kusa da yanda yake da kanshi. In ka ji ƙarfen ya cije kar ka masa dole, ka kai wa mai gyara, wannan wajen ba'a gwada ƙarfi dashi. Daga nan tsayin tsirkiya a gada, a firet na 12 ta shida kusan milimita 2, ta farko kusan 1.5, in dukanka mai nauyi ne ka ɗan ƙara wa ta shida sarari. Na ƙarshe shine daidaita tsawon kowace tsirkiya a gada, ka kaɗa ta a buɗe ka saita, ka danna firet na 12 ka duba, in ya haura sai ka ja ɗan sirdinta baya nesa da wuya, in ya gaza ka turo shi gaba. Mai kauri kusan kullum baya take so, kuma jita mai inci 24.75 yawanci gadarta irin ta Gibson ce wadda filin motsin sirdinta gajere ne, in ya ƙure bai isa ba ana cire sirdin a juya fuskarsa sai a samu ɗan ƙarin wuri. Wannan matakin kar ka raina shi, in ba'a yi ba jita zata nuna daidai a buɗe amma kana haurawa firet na 7 ku rabu da abokin kiɗanka, a sake cewa kai ne. Baka ce kana da Floyd Rose ba, gadar nan mai motsi da sifirin ke riƙewa ta bayan jita, amma duk mai ita da ke karantawa ya sani sai ya daidaita sifirin ɗin baya ma, don gadar akan ma'auni take tsakaninsu da tsirkiyoyi.

Hannunka ma akwai ɗan abunda zai gyara, ba don bai nuna ba, don ƙasan saiti halinsa daban ne. In zaka saita ta shida kar ka taɓa ta a hankali ka jira allura ta zauna, ka riƙa dukanta a jere da irin ƙarfin da kake sawa a waƙa ka saita akan dukan, zaka ga in ta lafa tana ɗan gazawa kaɗan, ba komai, a cikin rif daidai zata fito. Kullum daga ƙasa ake haurowa zuwa saiti, in ka wuce ka sassauta ka sake haurowa. Hannun hagu kuma kar ya matse, musamman yanzu da 13-62 ta koya maka matsa, in ka danna da ƙarfin nan akan 11 zaka tura sauti sama da kanka, balle in firet ɗinka dogaye ne. Ka danna iya abunda zai hana ziza. Fik ma, ɗan abun da kake kaɗa tsirkiya dashi, ka gwada wanda bai kai naka kauri ba, ko ka rage yanda kake nutsa shi cikin tsirkiya, bakinsa kawai ya riƙa shafa, sau da yawa wannan kaɗai yana rage tsallen allura.

Maganar irin ƙarfen ba sai mun daɗe ba. Mai rufin nikel akan ƙarfe, wanda shine aka fi sayarwa, ya ishe ka. Sitenles ya fi kaifin sauti, wasu na sonsa a ƙasan saiti, amma yana da kaushi a yatsa kuma ya fi cin firet. Zallan nikel sautinsa a lulluɓe yake, ba naku bane, haka masu shafaffen naɗi. In hannunka mai gumi ne tsirkiya tana mutuwa da wuri, masu rufi irin Elixir sun fi daɗewa. Abunda ya fi duk wannan tasiri shine sabunta, tsohuwar tsirkiya a C laka ce zalla ko wane kamfani ya yi ta, kuma bata riƙe saiti. In zaku ɗauki sauti ka canza kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka ja kowacce da yatsa a hankali daga gada zuwa not ka sake saiti, ka maimaita har ta daina sauka, kana gama kiɗa kuma ka goge su da ƙyalle.

In ka gama duk wannan kaji sautin har yanzu a cushe, toh ba tsirkiya bace kuma, amf ne, na'urar da ke ƙara wa jitar sauti. Ƙasan saiti da kanshi yana kawo bes mai yawa, ka rage bes ka rage gen, wato yawan distoshin, fiye da yanda ranka yake so, ka bar na tsakiya. Shi yasa zaka ga masu metal suna sa feda irin Tube Screamer a gaban amf, maɓallin diraib a ƙasa na lebul a sama, tana yanke ƙasan sautin kafin ya shiga distoshin sai rif ya fito a tsuke. Ka duba fikof ma, abun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, in yayi kusa da tsirkiya mai kauri maganaɗisunsa na iya janta, ka ɗan sauke gefen ta shida.

Shi kuma mai jita na biyu, ni bazan ce ka riƙe shi a zuci ba amma kar ka haɗiye maganar. Ka same shi ku biyu kafin a fara atisaye, kace masa ka gano abunda yaji, ka nuna masa, ka tambaye shi wace lamba yake sawa da tsawon wuyan jitarsa, ku yarda daga yanzu da tiyuna ɗaya zaku riƙa saiti kuma akan duka, ku gwada firet na 12 na jitocin duka biyu don tashi ma ba mamaki tana da nata. Sannan ka faɗa masa kai tsaye cikin mutunci cewa in yaji wani abu nan gaba ya ja ka gefe, don abunda yayi ya maka ciwo. Ƙungiyar da zaku daɗe tare dole a iya irin wannan maganar a cikinta.

Jitarka zata ɗauki dirof C ba tare da wata damuwa ba, ko B ma zata kai da 60 ko 62, don haka 62 ɗin nan kar ka yar, naɗe ta ka ajiye. Sai in ƙungiyar ta ce A zata sauka ne zan ce gajeren wuya ya fara kai iyakarsa, a nan ne ake maganar baritan mai inci 27, wadda take ƙara kusan kashi 19 cikin ɗari na ɗauri akan taka da tsirkiya iri ɗaya, ko mai tsirkiya bakwai, amma wannan ba maganar yau bace. Yatsunka ka basu hutun kwana biyu. Ka ɗaura 11-56, a buɗe not, a gyara wuya da gada, kayi sati biyu kana kiɗa da ita kafin ka yanke hukunci, in bayan haka allurar tana nan tana tsalle a ta shida sai ka canza ita kaɗai zuwa 60 ka bar sauran yanda suke, ka sake duba tsaginta da sirdinta. Ka rubuto min abunda ka gani da yanda ɗaukar sauti ta gaba ta kasance, ina jira.